Tambayi Mai Gyara: Ina Ka Ajiye Na Biyun?

Jama'a, barkanmu da zafi. Saƙonnin da suka taru a wayata wannan wata kusan duk maganarsu ɗaya ce: kwamfuta ta mutu, ko tana haramar mutuwa, yaya za a yi da abin da ke ciki? Ban yi mamaki ba. Daga Afrilu zuwa Mayu zafin Yamai yana haura digiri 40, wuta ta zo ta tafi ba adadi, ga ƙurar hunturu da ta shige cikin inji tun Janairu ba wanda ya hure ta. A irin wannan lokaci ne teburin shagona yake cika har in rasa inda zan aza kofin shayi. Na tsamo bakwai daga cikin saƙonnin. Kamar kullum, ban sa sunan kowa ba.

Tambaya: Malam, ina wuni? Ni malamar kolej ce a Tahoua. Shekara bakwai ina tara darussa da jarrabawa da makin ɗalibai cikin ordinater ɗina, ga hotunan yarana tun suna goye. Yaron da ke gyara mini ita ya ce in riƙa zuba komai cikin D, wai ko me ya faru D ba ya taɓuwa. Haka nake yi. Maigidana ya ce in sayi diskin waje, ni kuma ina ganin ɓarnar kuɗi ce. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Malama, ki gaishe da maigida, ki ce masa wannan karo shi ya ci. Yaron ma bai yi miki ƙarya ba, rabin magana ya faɗa ya riƙe rabi.

A mafi yawan kwamfutocin da ke hannun mutanenmu, C da D ba abu biyu ba ne. Diski ɗaya ne aka tsaga, kamar ɗaki guda da aka ja wa labule a tsakiya. In Windows ta rikice aka share ɓangaren C aka sake zuba ta, kayan da ke D suna nan lafiya lau, abin da yaron yake nufi ke nan. To ranar da rufin ɗakin ya rufta fa? Labule ba ya tare azara. In kina so ki gani da idonki, ki kai kibiya bisa tambarin Windows na ƙasa, ki danna maɓallin dama, ki zaɓi "Gestion des disques". Idan C da D suna jere a layi guda, gaban inda aka rubuta "Disque 0", to ɗaki ɗaya ne.

Ni wannan darasi ba a aji na koye shi ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, Ba'adare ne, kuma ya riƙe tarihin gidanmu tun daga kakan kakansa: wa ya haƙa wace rijiya, wa ya tafi Kano da jakuna bai komo ba, wace shekara yunwa ta watsa garin. Wata damina na zaunar da shi na ɗauki muryarsa a kaset goma sha ɗaya. Bayan rasuwarsa na juye su cikin kwamfuta, na zuba a D, na ce an gama. Su kaset ɗin na bar su cikin kwali a ɗakin kwano har zafi ya manne su. Ni fa, da nake gyara wa mutane. Wata Talata na kunna injin, sai na ji "ƙas, ƙas, ƙas" daga ciki kamar ana ɓarar gyaɗa. Na san abin da kunnena yake ji, amma zuciya ta ƙi yarda, na yi ta kashewa ina kunnawa, abin da nake hana mutane kullum. Cikin goma sha ɗaya biyu suka rage, su ma don na taɓa juye wa yayata a katin waya ne. Har yau in mun taru da salla su muke saurare, kuma na biyun ya yanke daidai inda tsohon ya ce, "To, shi kuma ƙanensa..."

Diski irin na da faranti ne mai juyawa, sau 5400 a minti ɗaya, wasu 7200, da wani ɗan hannu mai karatu da ke shawagi a kansa, tazarar da ke tsakaninsu ko kusa ba ta kai kaurin gashi ba. Yaro ya ja waya kwamfutar ta faɗo tana kunne, shi ke nan. Sababbin da ake kira SSD ba abin da ke juyawa cikinsu, sun fi jure jijjigar babur, sai dai su ba sa tari kafin su mutu. Jiya lafiya, yau babu.

Masu sana'armu suna da wata ƙa'ida, 3-2-1, wadda wani Ba'amurke mai ɗaukar hoto, Peter Krogh, ya yaɗa: abin da ba ki so ki rasa ya zama kwafi uku, bisa na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki kuma ba gida ɗaya da sauran ba. Wannan na ƙarshe shi mutane suke rainawa. Waɗanda suka ga gobarar Petit Marché ta 2012 nan Yamai, ko ruwan da ya ci Lamorde a 2020, sun san wuta da ruwa ba sa tambayar wanne ne asali wanne ne kwafi. Ɓarawo ma haka. In diskin yana kwana cikin jakar kwamfutar, sai dai ya gode miki, kin haɗa masa kaya wuri ɗaya.

Ki sayi mai tera ɗaya, zai ɗauke ki shekaru. Na ƙarshe da na saya jika talatin da biyar na biya, amma ki taya a kasuwarku, farashi yana motsi. Kowace Lahadi ki jona, ki juye, ki cire, ki kulle a akwati. Makin ɗalibai da jarrabawa kuwa ba su da nauyi, ki riƙa aika wa kanki su ta Gmail. Shi ne na ukunki, kuma shi ne na wajen gida.

Tambaya: Malam, sannu da aiki. Ina da ɗan studiyon hoto a Bukoki. Na ji maganarka na sayi diskin waje, amma kwafa da hannu ta gagare ni, sai in yi wata biyu ban tuna ba. Sannan bara da kwamfutata ta rikice aka formate ta, kwana huɗu na yi ina neman program-program da abin da ke tada firinta, har aikin wani biki ya kuɓuce mini. Babu dabarar da za a mayar da ita yadda take a tashi ɗaya?

Amsa: Akwai, ƙanena, amma tambaya biyu ka ƙunsa a ganye ɗaya. Ajiyar kayanka daban, ajiyar ita kanta kwamfutar daban, kuma kowace da makaminta.

Ta farko mai sauƙi ce. Tun Windows 8, a 2012, akwai wani abu cikinta mai suna "Historique des fichiers". Jona diskin, shiga "Panneau de configuration", nemo shi, danna "Activer". Daga nan duk awa ɗaya yana duba abin da ya canza ya kwafe, muddin diskin yana jone. Daɗinsa shi ne ba ya taka tsohon kwafi. In ka ɓata hoton amarya ranar Laraba wajen gyara, na ranar Litinin yana nan. Ka danna "Restaurer des fichiers personnels", ka koma baya da kibiya har ranar da kake so, ka danna koren maɓallin nan na tsakiya. Amma ga tarkon da ya kama mutane da yawa: ba ya kwafe komai da komai. Bureau, Documents, Images, Vidéos da ire-irensu kaɗai ya sani. In hotunan bukukuwanka suna cikin wani dosiye a D, ba ya ganinsu sai ka danna dosiyen da maɓallin dama ka zaɓi "Inclure dans la bibliothèque". Na ga wanda ya shekara yana ajiyar Documents wanda ba komai ciki sai takarda uku, aikinsa duka yana gefe.

Ta biyun ita ce ke maganin kwana huɗun nan naka. Ana kiranta "image système", wato a ɗauki hoton diskin gaba ɗaya: Windows, program ɗinka, firinta, har hoton da ke bangon allo. Tana cikin "Panneau de configuration", ƙarƙashin "Sauvegarder et restaurer (Windows 7)". Kada sunan ya ruɗe ka, tana nan cikin Windows 10 da 11. A gefen hagu za ka ga "Créer une image système". Ka nuna mata diskin waje, wanda dole ya zama an formate shi a NTFS, wato tsarin diski na Windows, ka bar ta, tana iya cin awa ɗaya ko fiye. Lokacin yin ta shi ne ranar da kwamfutar take garau, an gama zuba komai, firinta tana fitar da launi daidai. In ka ɗauki hoton mara lafiya, mara lafiya za ka dawo da shi. Microsoft da kanta ta daina ciyar da wannan makami gaba tun 2017, amma har yanzu yana aiki. Ni a shago Clonezilla na fi amfani da shi, kyauta ne, sai dai fuskarsa ba ta da fara'a ga baƙo. Akwai kuma Veeam Agent, shi ma yana da na kyauta, ya fi sauƙin hannu.

Saura abu ɗaya, wanda in babu shi hoton nan bai da amfani. Ranar da Windows ta ƙi tashi, ta ina za ka shiga ka kira shi? Ka ware kile guda, wato "clé USB", mai jiga 16, ka rubuta "lecteur de récupération" a wurin bincike na Windows, ka bi abin da ta ce. Za ta share duk abin da ke kan kilen, ka sani. Ka ɗaura masa jan zare, ka ajiye a aljihun tebur, kada ka ara wa kowa ya je sibar da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In ranar ta zo, ga yadda take. Ka jona kilen da diskin waje, ka kunna, ka yi ta danna maɓallin zaɓen wurin tashi: F9 a HP, F12 a Dell da yawancin Lenovo. Ka zaɓi kilen, sai "Dépannage", sai ka nemi "Récupération de l'image système". Za ta shafe diskin ciki ƙaf ta shimfiɗa hoton a kansa, kwamfutar ta koma daidai ranar da ka ɗauke shi. In watan Janairu ne, to Janairu za ka tarar, aikin Fabrairu da Maris ba ya ciki. Shi ya sa ake bin tsari: hoto tukuna, sannan ka ɗebo sababbin kaya daga "Historique des fichiers". In kuwa diskin ciki ne ya mutu ka sayi sabo, kada ya gaza tsohon girma. Wani zai ce maka ai akwai "point de restauration". Wannan ɗan gyaran Windows ne kawai, ba ya ajiye hoton bikinka ko ɗaya, kuma a kan diskin cikin yake zaune, tare suke mutuwa.

Yanzu abin da ya fi duk waɗannan. Watan jiya wata sakatariya ta zo mini da kwamfutar ofishinsu, hankalinta kwance, tana murmushi. Ta fito da diski daga jaka, an manna masa farar takarda an rubuta SAUVEGARDE da jan biro. Ta ce, "Malam, kada ka damu, komai yana nan." Muka jona. Kwafi na ƙarshe da ke ciki ya shekara da wata biyu. Diskin ya cika tun tuni, Windows ta yi ta fito da ɗan saƙo a kusurwa, ana rufewa ba a karantawa. Na ga murmushin yana sauka daga fuskarta a hankali, ta jawo kujera ta zauna ba ta ce komai ba. Manomi ba ya liƙe rumbu da kaka ya ce sai bazara, yana leƙawa, don ya san gara da ɓera. Kai ma farkon kowane wata ka zaɓi hoton biki ɗaya, ka dawo da shi daga ajiya, ka buɗe ka gani, ka duba kwanan watansa. Kilen nan mai jan zare ma ka tada kwamfutar da shi sau ɗaya tun tana lafiya, ka ga shuɗin allon da idonka, sannan ka fita ba tare da ka taɓa komai ba. In kuma kwamfutar tebur gare ka, ka nemi ondilar, akwatin batir ɗin nan da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. Ɗaukewar wuta ana tsakar rubutu a diski ta fi zafin rana ɓarna.

Tambaya: Malam, na kai kilena sibar a Harobanda don in fitar da takardu, da na dawo duk dosiyena sun koma masu ƴar kibiya a gindi, ba sa buɗewa. Abokina ya ce in formate. In yi?

Amsa: Kada ka yi. Kayanka suna nan, ɓoye su aka yi. Wannan ƙwayar cutar ta tsufa a sibar-sibar ɗinmu, "virus raccourci" ake ce mata. Takan ɓoye dosiyen gaskiya ta ajiye gunkinsa mai nauyin kilo-okte ɗaya ko biyu, kai kuma duk danna gunkin da ka yi, ita kake tadawa. Ka daina dannawa. Ka sa antiwirus ya wanke kilen, sannan ka buɗe "Invite de commandes" ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana mai sa harafin kilenka a madadin E. Za su fito. Ka kwashe su zuwa wani wuri, sannan ka formate in ka so.

Amma bari in ja kunnenka. Kile jakar kai saƙo ne, ba rumbu ba. Yana ɓata, yana karyewa, ana wanke shi cikin aljihun wando. Ga na jabu sun cika gari: a rubuta jiga 64, cikinsa 8 ne, ya yi ta karɓar kaya yana taka na baya, sai ranar buɗewa ka tarar da shara. Duk sabon kile ka gwada shi da H2testw, program mai auna girmansa na gaskiya, kafin ka amince masa.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce a Jami'ar Abdou Moumouni, ina rubuta memuwar ɗina na ƙarshe. Ba ni da kuɗin diski. An ce in sa a Google Drive, amma ina tsoron ya cinye mini forfe.

Amsa: Ɗiyata, memuwar mai shafi ɗari in ba hotuna ne suka cika shi ba, ƴan mega kaɗan ne. Bidiyo ɗaya da ƙawarki ta turo miki jiya a WhatsApp ya fi shi nauyi. Google yana ba kowane asusu jiga 15 kyauta, OneDrive na Microsoft jiga 5. Ki lura dai, jiga 15 ɗin nan tukunya ɗaya ce da Gmail da Google Photos, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma cikinta take shiga. In ta cika, ko wasiƙa ba za ta shigo miki ba.

Kowane dare in kin tashi daga aiki, ki adana da sabon suna mai kwanan wata, memuwar-12-mayu, gobe memuwar-13-mayu, ki ɗora. Kada ki taka na jiya. Malaminki zai ce ki cire babi na uku, bayan sati biyu ya tambaye ki ina babi na uku. Na ga wannan ya fi a ƙirga. Idan kuma kin sa program ɗin Drive mai daidaita kwamfuta da intanet da kansa, ki sani madubi ne: kin share a nan, ya share a can. Kwana 30 abin yake yi cikin kwandon shara kafin ya tafi gaba ɗaya.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai ba Google ba ne, lambar waya ce. An buɗe asusu da wani sim, sim ɗin ya ɓata ko an daɗe ba a sa masa kuɗi ba an rufe shi, kalmar sirri kuma an manta. Ki duba yau wace lamba ce ke jikin asusunki, ki rubuta kalmar sirrin a takarda ki sa cikin takardun haihuwarki. Kuma asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba, Google yana iya share shi.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Katako. Ɗana ya sauko da wani program daga intanet, irin wanda ake fasa wa kuɗi. Washegari duk takardun lissafina sun ƙi buɗewa, an ƙara wasu haruffa huɗu a wutsiyar sunan kowace, ga wata takarda _readme.txt ana neman dalar Amurka 980. Diskin ajiyata ma da ke jone haka ya zama. In biya?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Yadda ka kwatanta, wannan dangin da ake kira STOP ko Djvu ne, kuma hanyarsa ke nan, cikin program ɗin sata yake ɓuya. Takardar takan ce in ka yi magana cikin awa 72 za a rage maka zuwa 490. Ciniki ne na ɗan fashi. Kuɗin farko sun haura jika ɗari biyar, kuma ba wanda zai kama maka shi in ya karɓa ya yi shiru. Ni ban taɓa ce wa kowa ya biya ba.

Ka cire kwamfutar daga intanet. Kada a formate tukuna, kada a share takardun da aka kulle, a kwashe su a ajiye gefe. Akwai shafin No More Ransom, wanda ƴan sandan Holan da Europol da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016, kyauta ne, kuma kamfanin Emsisoft yana da mabuɗi na wannan dangi. Ba zan ɓoye maka ba, yana buɗe wasu ne kawai, galibi waɗanda cutar ta kama lokacin da ba ta samu intanet ba. A gwada dai. Kafin nan ka bi sawun takardunka: wanne ka taɓa aika wa mai kawo maka kaya ta WhatsApp, wanne ke cikin wasiƙunka, wanne aka buga a takarda. Sau da yawa rabin lissafi a nan muke tsinto shi.

Maganar diskin da ke jone ita ce ta fi yi mini ciwo, don ka yi ƙoƙarinka. Duk abin da kwamfuta take iya rubutu a kansa, cutar ma tana iyawa. Mai studiyo na sama, kai ma da kai nake: diskin da ke jone kullum yana da daɗi, amma a samu na biyu wanda ake jonawa sau ɗaya a sati a cire. Yaron kuma a yi masa faɗa kaɗan, Alhaji, kada a doke shi. Rabin shagunan gyara na garin nan irin program ɗin suke zuba wa mutane.

Tambaya: An canza wa sabuwar kwamfutata wani abu a ciki, yanzu shuɗin allo take nunawa tana neman "clé de récupération BitLocker". Ni ban taɓa sa mata wani makulli ba.

Amsa: Ba kai ka sa ba, ita ta sa wa kanta. Sababbin kwamfutoci masu Windows 11 sukan kulle diski da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft. Mabuɗin lamba 48 ne, yana cikin asusun da aka fara buɗe ta da shi. Ka shiga account.microsoft.com ta waya, ka duba wajen na'urori. In mai shagon da ya sayar maka ne ya buɗe ta da nasa asusun, koma wurinsa yau, kada ka bari ya ƙaura. Babu mai gyaran da zai fasa wannan, ni ma ban iya ba. Wanda tasa ke lafiya ya je ya kwafe lambobin nan a takarda, ya haɗa da takardar fili.

Tambaya: Malam, kwamfutata tana wani ƙara ƙas-ƙas in na kunna, tana daɗewa kafin ta tashi, amma tana tashi. Wani ya ce in sa diskin a firiji ya kwana. Lissafin kantin magani na shekara biyar yana ciki, da bidiyon aurena.

Amsa: Wannan ban jira mujalla ta fito ba, kiransa na yi a waya tun kafin in gama karantawa. Na ce ya kashe ta, kada ya sake kunnawa ko don ya gwada, firiji kuma a bar shi da ruwan sanyi, don raɓar da za ta kwanta kan farantin ita za ta ƙarasa shi. Diskin da ya fara wannan kuka sauran tashinsa ƙidayayye ne, ba a kashe su wajen kallo.

Bayan la'asar sai ga shi bisa kabu-kabu daga Talaje, ya naɗe kwamfutar cikin darduma ya rungume. Na ciro diskin, na jona shi a injina, na juya masa fanka. CrystalDiskInfo, program mai auna lafiyar diski, ya nuna ja. Na tambaye shi, in abu ɗaya kaɗai za mu samu, wanne? Ya yi shiru, ya dubi ƙasa, ya ce lissafin, amma don Allah kada uwargida ta ji. Lissafin ya fito cikin minti shida, muka buɗe na watan jiya ya karanta sunayen magunguna da bakinsa. Sannan hotuna. Bidiyon auren shi ne mai nauyi, na bar shi ƙarshe. Ya yi ta tafiya yana tsayawa har aka kira magariba, muka je muka dawo, ya kai wajen kashi biyu cikin uku, sai ƙarar ta canza, ta koma wani siririn fito, diskin ya ɓace daga allo. Ɗaurin aure da walima sun fito. Kai amarya ne babu. Ya ce akwai wani abokinsa a Dosso da ya taɓa karɓar kwafi, ya fita waje yana neman lambarsa.